Ɗan TP a Gaban Allo

A wani zango na kowace shekara akwai baƙin da ake gani a ƙofar makarantun firamare da sakandare tun kafin ƙarfe bakwai da rabi na safe. Samari ne da 'yan mata da matan aure, wasu har da goyo. Kaya sun sha guga, takalmi ya sha mai, ga sabon fayil a hammata, ga kwali a naɗe an ɗaure shi da roba. A Kano daga adaidaita sahu suke sauka, a Azare ko Dutsin-ma ko Gumel daga kan babur, kowa yana tattalin kwalinsa kada ya lanƙwashe. Yara tun daga nesa suke gane su. Kafin a kaɗa ƙararrawar asambali labari ya zaga makaranta cewa 'yan TP sun iso.

Ɗaliban kwalejojin ilimi ne da na tsangayoyin ilimi na jami'o'i, an turo su koyarwar gwaji, wato TP. Mai neman takardar NCE shekara uku yake yi. Biyun farko yana zaune a ɗakin lacca yana jin tarihin ilimi da falsafarsa, da halayyar yara, da dabarun koyarwa, haɗe da darussan da ya zaɓa, kamar Hausa da Addinin Musulunci, ko Turanci da Soshiyal. A shekara ta uku, bisa ƙa'idar hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi, wadda aka kafa a 1989, sai a sallame shi zango guda cur ya je makaranta ta gaske. Wanda ya faɗi wannan ba shi da takarda, ko da ya ci sauran kwasa-kwasan gaba ɗaya. Jami'o'i da yawa kuwa raba nasu suke yi gida biyu, mako shida-shida.

Kafin a fita ana yin wani ɗan gwaji a cikin kwaleji. Ɗalibi zai tsaya gaban 'yan ajinsu ya koyar na minti biyar zuwa goma, su kuma su zama yara, malami yana gefe yana ba da maki. A Jami'ar Stanford ta Amurka aka ƙirƙiro wannan dabara a 1963, kuma tana da amfaninta, don tana cire wa mutum rawar murya ta farko. Sai dai yaran ƙarya ne. Sun san amsa, suna jin nauyinka, gobe kuma su ne za su tsaya kai ka zauna, saboda haka ba mai ƙure ka. A cikinsu ba wanda zai fashe da kuka don an ƙwace masa fensir, ba wanda zai ɗaga hannu a tsakiyar bayani ya ce, "Malam, zan zaga."

Ranar farko a ofishin hedimasta take farawa. Ɗalibi ya miƙa takardar kwaleji da hannu biyu, a nuna masa littafin sa hannu, a fita da shi asambali a gabatar da shi. A takarda, makon farko na kallo ne: ya zauna a bayan aji ya ga yadda malamin aji yake aiki, ya san yara, ya duba rajista da dayari. A zahiri, sau da yawa abin da yake ji shi ne, "To Malam, Allah ne ya kawo mana kai. Aji biyar ba su da malamin Lissafi tun bara." Idan ya ce, "Ranka ya daɗe, ai Hausa na karanta," sai a yi murmushi a ce malami ai malami ne. Kafin a tashi tara an miƙa masa jadawali, da alli biyu, da littafi guda wanda bangonsa ya daɗe da tafiya.

Duk wanda ya taɓa kai yaro shagon tela ya san ba a fara ba shi almakashi. Zai yi watanni yana shara, yana sa maɓalli, yana guga, yana kallon hannun maigida. Ranar da zai fara yanka, a kan ƙyalle zai fara, maigida yana tsaye a kansa. Koyarwa ita ce sana'ar da na sani ake danƙa wa mai koyo almakashi da shaddar mutane a ranar farko, maigida kuma ya sa takalminsa ya fita. Don a makarantu da dama zuwan 'yan TP hutu ne ga malaman dindindin. Wani ya koma ɗakin malamai ya dasa hira, wani ya tafi gona, wani ya ɗauki babur ya shiga gari neman na cefane. Ba na gaggawar zarginsu. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wani lokaci ma sai an yi jan ƙafa kafin ya fito, idan ya sami wanda zai riƙe masa aji kyauta da wuya ya ƙi. Amma ko mene ne uzurinsa, wanda ya kamata ya koya wa yaron nan sana'a ba ya nan, kuma daga wannan rashi yawancin matsalolin koyarwar gwaji suke tasowa.

Abin da ya fi cin daren ɗan TP shi ne tsarin darasi, wanda kowa yake kira lesin filan. Kowane darasi da nasa, a rubuce da hannu, kuma sai malamin aji ko shugaban sashe ya sa hannu da jan biro kafin a shiga da shi. A sama akwai kwanan wata, da aji, da darasi, da batu, da tsawon lokaci, da matsakaicin shekarun yara. Sai manufa, sai abin da yara suka riga suka sani, sai kayan koyarwa, sai gabatarwa, sai matakai ɗaya bayan ɗaya, sai auna fahimta, sai kammalawa da aikin gida. Batun ba daga kansa zai ƙago shi ba. Manhaja daga hukumar NERDC take fitowa, makaranta ta yanka ta mako-mako a dayari, shi kuma ya yanki rabon makonsa ya mai da shi darussa na minti talatin da biyar ko arba'in. Wanda aka ɗora wa aji uku ko huɗu sai ya raba dare yana rubutu da fitilar waya.

Wurin manufa malaman kwaleji suka fi tsanantawa, kuma suna da gaskiya. An hana ɗalibi ya rubuta cewa a ƙarshen darasi yara za su "san" abu ko za su "fahimce" shi, domin sani a cikin kai yake, ba mai ganinsa. Sai dai ya ce za su iya lissafa jihohi biyar da ke maƙwabtaka da tasu, ko su zana agogo su nuna ƙarfe uku, ko su bambance suna da aikatau a cikin jimla. Wato ya ɗaure kansa da abin da za a iya gwadawa a gaban kowa. Yawancin ɗalibai suna ɗaukar wannan a matsayin ƙa'idar cin maki kawai, su haddace jerin kalmomin da aka yarda da su, su wuce. Sai sun yi makonni a aji suke gane cewa nan ne gishirin aikin yake.

Kwalin nan na hannu kuwa daga aljihunsu ya fito, haka maka da gam. An koya musu cewa darasi ba ya cika sai da abin da yaro zai gani ko ya taɓa, kuma inda babu na saye sai a sarrafa na gida. Masu basira a nan suke fita daban. Marafan kwalba da 'ya'yan tsamiya sun isa a koyar da tarawa da ɗebewa. Tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma yana nuna wa yaro bambancin goma da ɗaya fiye da bayanin rabin awa. Lemo guda da tocila a ajin da aka rufe tagoginsa sun isa su nuna yadda dare da rana suke musanya. Malalata kuma su ba mai zane a bakin kwaleji ya yi musu hoto mai kyau, su liƙa a bango, darasi ya ƙare ba su ko nuna shi ba.

Allo ma sana'a ce mai zaman kanta, kuma ba a koyon ta a lacca. A makarantun gwamnati da yawa allon siminti ne a jikin bango, idan ya koɗe a sa yara su goge shi da gawayi ko baƙin tsohon batir. Sabon malami yana fara layi daga hagu a miƙe, kafin ya kai dama rubutun ya gangara ƙasa, haruffan sun ƙanƙance har na baya ba sa gani. Bai san ana raba allo gida biyu ko uku ba, bai san ana barin kan darasi a sama har a tashi ba, bai san ana tsayawa a karkace ba don ido ɗaya ya kasance a kan aji. Da ya juya baya gaba ɗaya sai kasuwa ta ci. Ga kuma lokaci. Darasin da ya kwana yana shiryawa sai ya zazzage shi cikin minti goma sha biyu saboda tsoro yana sa baki sauri, ya duba agogo ya ga saura fiye da rabi, gumi ya karyo masa. Mafitar da kowa yake kamawa a nan ita ce, "Ku fito da littattafanku ku kwafa." Wani kuma akasin haka yake yi: ya daɗe a gabatarwa yana jan zance, ƙararrawa ta same shi a mataki na biyu.

Sai babban tarko, wanda har tsofaffin malamai ba su gama kuɓuta daga gare shi ba. Malam ya gama bayani ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya, "Eee!" Daɗi ya kama shi, ya wuce gaba. Ranar da ya ba da gwajin farko ya kwashi littattafai ya kai gida, a nan ido yake raina fata. Yaran da suka yi ta amsa masa da ƙarfi, da yawansu ko tambayar ba su iya kwafa daidai ba. A aji huɗu ko biyar zai tarar da waɗanda ba sa iya haɗa baƙi da wasali su karanta kalma. Yaran ba ƙarya suka yi masa ba. Tun suna aji ɗaya aka saba musu cewa amsar wannan tambaya ke nan, kuma a gida an hore su cewa ba a ce wa babba "ban gane ba". Kwaleji ta hana shi rubuta "fahimta" a takarda, shi kuma ya shiga aji ya tambaye ta da baki. Maganin abin ba wuya gare shi ba: ka jefa tambaya, ka ɗan yi shiru, sannan ka kira suna, kuma ka riƙa kiran na lungu da na baya waɗanda ba sa ɗaga hannu. Ka fito da yaro ya yi a allo. Ka zaga ka leƙa littattafai tun ana cikin aiki. Malamin da ya shekara goma a aji zai iya nuna wa ɗan TP wannan cikin darasi guda, da a ce yana zaune a wurin.

Harshe ma wani ƙulli ne. Tsohuwar manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da harshen gida a shekaru ukun farko na firamare, daga aji huɗu a koma Turanci, kuma gwamnatoci sun yi ta sauya magana a kan haka. Shi ɗan TP abin da ya sani shi ne tsarin darasinsa da Turanci yake, littafi da Turanci, jarrabawa da Turanci, yaran da ke gabansa kuwa Turancinsu bai wuce gaisuwar da suke rerawa idan malami ya shigo ba. Idan ya dage da Turanci shi kaɗai yake magana. Idan ya juye Hausa yara su farka, hannaye su tashi, amma yana tsoron ranar da mai duba aiki zai zo ya rage masa maki. Yawanci sai su koyi abin da suka tarar ana yi: a faɗa da Turanci, a fassara da Hausa, a rubuta da Turanci. A ganina ba laifi ba ne, in dai an yi shi da tsari. Abin mamaki shi ne dabarar da kusan kowane malami a Arewa yake rayuwa da ita kullum, ana yin ta ne kamar a ɓoye.

Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. A cikin birnin Kano da makamantansa ba abin mamaki ba ne ka ga aji mai yara fiye da ɗari, rabi a kan benci rabi a ƙasa, har gindin allo, malam ba shi da inda zai taka ya isa baya. Yara kuma gwanayen auna mutum ne. Cikin kwana biyu sun san wane ne mai tsoro, wane ne mai saurin fushi, sun kuma raɗa wa kowa suna daga kalmar da ya fi maimaitawa ko daga irin tafiyarsa. Sun san baƙo ne, ya kusa tafiya, kuma kwaleji ta gargaɗe shi kada ya taɓa ɗan kowa da bulala. Sabon malami yakan bi ɗaya daga hanya biyu, duka ba sa ɓullewa. Ko ya nemi yara su so shi, ya yi ta wasa da dariya har aji ya fi ƙarfinsa, ko ya ɗaure fuska ya yi ta tsawa har muryarsa ta dishe a mako na biyu. Ya sa manita rubuta sunayen masu surutu, manita ya rubuta abokan faɗansa. Abin da yake aiki a ƙarshe ƙananan abubuwa ne: sanin sunan yaro, yin shiru har aji ya yi shiru maimakon ɗaga murya, ba kowa aikin yi tun daga minti na farko, da cika alkawari, na lada ne ko na horo. Yaron da malami ya kira da sunansa daga can gaban aji ba ya sake jin cewa ya ɓace a cikin taro.

A babbar sakandare matsalar ta sha bamban, don tazarar shekaru tsakanin malam da ɗalibi wani lokaci ba ta wuce uku ko huɗu ba. Saurayin da aka tura makarantar 'yan mata sai ya kama kansa ƙwarai, kuma shugabannin makarantu masu lura ba sa barin wannan ga sa'a, tun ranar farko suke shimfiɗa iyaka. Budurwar da aka tura ajin samari kuwa sai ta sha gwaji kafin a yarda ita Malama ce. Matan aure suna da nasu nauyin. Za ka ga 'yar raino zaune da jariri a inuwar darbejiya a bayan aji, ana tashi tara Malama ta fito da sauri ta shayar, ta karkaɗe alli daga hijabi, ta koma. Ta dafa abin kari kafin ta fito, za ta dafa na dare idan ta koma, tsarin darasin gobe yana jiran ta bayan yara sun yi barci.

Duk wannan wahala, makin da za a ba ɗalibi ya rataya ne a kan ranakun da sufabaiza ya zo daga kwaleji. Ba a sanar da ranar, amma ba a taɓa rasa sani ba. Da an ga motarsa a makarantar farko saƙo ya shiga WhatsApp, sauran makarantun yankin kowa ya shiga taitayinsa. A ciro kwalin da aka adana, a aro dasta, a share aji. Wasu suna da darasi guda da suka riga suka koyar suka ajiye don wannan rana, sai su maimaita shi, yara su yi ta ba da amsa kamar ruwa. Akwai ma tsohon labarin da 'yan kwaleji suke ba juna, na malamin da ya ce wa yara idan baƙo ya zo kowa ya ɗaga hannu, wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ko an yi ko ba a yi ba, labarin ya nuna yadda ɗalibai suka ɗauki ranar.

Sufabaiza zai zauna a baya da fom ɗinsa. Akwai maki na tsarin darasi, na gabatarwa, na sanin abin da ake koyarwa, na amfani da allo da kayan aiki, na riƙon aji, na tambayoyi, har da na shiga da kamala. Fom ɗin ba shi da aibu. Aibun yana ga lokaci. Malami ɗaya an ba shi ɗalibai masu yawa warwatse a ƙananan hukumomi, ga laccocinsa suna jira, ga hanya ba kyau. Asusun TETFund yana tallafa wa kwalejojin gwamnati da kuɗin wannan zagaye, amma kuɗi ba ya ƙara wa yini awa. Sai ya zauna minti goma ko sha biyar, ya duba fayil, ya rubuta 'yan kalmomi, ya ce, "Ka ƙara ɗaga murya, ka kuma rage kallon takarda," ya shiga mota. Na kirki a cikinsu suna zama har ƙarshen darasi, su ja ɗalibi gefe su bi masa aikinsa daki-daki, kuma ɗalibai ba sa manta irin waɗannan har tsufansu. Ana kuma jin ƙorafin waɗanda ake tara wa kuɗin mai, abin da yake zubar da mutuncin aikin gaba ɗaya. Ko da an sami mafi adalcin sufabaiza, abin da ya gani ɗan yanki ne na zango. Wanda zai iya ganin sauran shi ne malamin aji, shi kuma ra'ayinsa ba ya da wani nauyi a sakamako.

Ɗan TP ba shi da albashi. Kuɗin mota, da na kwali, da na ɗinkin kaya biyu ko uku na fita kunya, duk a wuyan iyaye ko miji suke, shi ya sa kowa yake fafutukar a tura shi kusa da gida. A Ranar Malamai ta Duniya ta 2021 gwamnatin tarayya ta yi shelar za ta riƙa ba masu karatun NCE naira 50,000 a kowane zango, masu digirin ilimi kuma 75,000, ɗalibai suka daɗe suna tambayar inda maganar ta kwana. Sannan a dubi ƙofar da ake shigowa ta cikinta. A 2023 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 140 ne, na kwalejin ilimi 100. Da yawa daga masu riƙe da kwalin nan ba koyarwa suka nema ba, likitanci ko lauya ko aikin banki suka so, da bai samu ba aka ce su je su yi NCE kafin wani abu ya fito. Idan an shigo da mutum ta wannan ƙofa, aka kuma bar shi ya koyi aiki shi kaɗai, bai kamata a yi mamakin abin da ya faru a Kaduna a 2017 ba, lokacin da gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta ce 21,780 ba su kai makin da ta sa ba. An yi ta jayayya a kan yadda aka yi jarrabawar da korar da ta biyo baya. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wa ya tsaya a kan waɗannan malamai lokacin da suke koyon aikin.

A da ba haka abin yake ba, ko da yake masu karatun a lokacin 'yan kaɗan ne. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, don horar da malamai aka gina ta, kuma shiga cikinta sai zaɓaɓɓu. Ahmadu Bello daga can ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauchi, Abubakar Imam a ta Katsina, inda yana malami ya rubuta Ruwan Bagaja. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Shehu Shagari ma da alli ya fara. Daga baya kwalejojin horon malamai masu ba da takardar Gireti Tu suka yawaita, inda yaro yake shiga tun yana ɗanye ya yi shekaru ana sassaƙa shi, ana fita da shi makarantun kusa yana gwadawa a gaban malamansa. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, yaran da suka fito sun zarce lissafin gwamnati, aka shiga neman malamai ido rufe, a shekarar ce ma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Tun daga nan yawa yake rinjayar inganci. An rufe kwalejojin Gireti Tu, aka ce NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa. Takarda ta ƙaru, amma tsofaffin malamai har yau suna cewa ɗan Gireti Tu ya fi sanin yadda ake riƙe aji, kuma ban ga abin musu a maganarsu ba.

Duk da haka akwai makarantun da ake dace. Za ka sami wata dattijuwar malama da ta kusa ritaya, ta ɗauki 'yar TP kamar ƙanwarta. Ta zauna a baya ba ta ce uffan ba har a tashi, sannan a ɗakin malamai ta ce, "Ƙanwata, bayaninki ya yi kyau, amma 'yan layin taga ba ki kalle su ko sau ɗaya ba. Gobe ki fara da su." Ta nuna mata yadda ake kiran rajista safe da rana, yadda ake haɗa jimillar mako, yadda ake cika dayari, wane yaro ne maraya, wace yarinya ce take zuwa a makare saboda sai ta gama talla. Wanda ya faɗa hannun irin wannan, kafin tsakiyar zango za ka ga ya sauya. Ya daina riƙe takarda, muryarsa ta zauna, ya san lokacin da aji ya gaji tun kafin hayaniya ta tashi. Wata rana yaron da ba ya iya haɗa baƙi ya karanta jimla guda shi kaɗai, ko wani uba ya tare shi a kasuwa ya ce, "Malam, kai ne kake koya wa yarona? Allah ya saka da alheri." Mutane da yawa da suka shiga kwaleji bisa tilas a irin wannan rana suka yanke shawarar zama a sana'ar.

Ƙarshen zango ba ya ɗaukar lokaci. Su shirya jarrabawa, su yi makin takardu, su cika katin sakamako. Su haɗa kuɗi su saya wa makaranta agogon bango ko su yi wa alluna fenti, a yi ɗan taron ban kwana, yara mata su yi kuka, a ɗauki hoto. Su koma kwaleji su ƙarasa zangon ƙarshe, gaba kuma ga jarrabawar hukumar TRCN mai yi wa malamai rajista, ga jiran ranar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, za ta ɗauki ma'aikata, ko a lallaɓa a makarantar kuɗi a kan albashin da ba ya isar kuɗin mota. Ajin da suka bari ya koma hannun mai shi, ko ya koma zaman jiran 'yan TP na baɗi.

Gyaran da nake gani bai kai tsadar gina sabuwar kwaleji ba. Kwalejoji su daina tura ɗalibi makarantar da ba a ware masa malamin da zai tsaya a kansa ba. A zaɓi irin waɗannan malamai, a yi musu bita ta kwana biyu, a ba su ɗan alawus, a kuma sa makinsu ya shiga sakamako. Hedimastoci su daina cike giɓin ma'aikata da yaran da aka kawo musu amana. Kai kuma malamin aji, idan an turo maka ɗan TP bana, ka bar shi ya kalle ka mako guda kafin ka ba shi alli. Bayan nan ka ɗauki kujera ka zauna a baya, ka ga darasin har ƙarshe, ka gaya masa abu ɗaya da zai gyara gobe.